Hatsin Godiyar Kaka: Mu Raba, Ko Mu Ajiye?

Tambaya: Ni dattijo ne a wata ƙaramar ikilisiya a ƙauyukan Sumaila. Kowace shekara muna tara hatsi ranar godiyar kaka, mu sayar da wani, sauran mu raba wa gwauraye da marayu lokacin Kirsimeti. Amma damina na yin nisa sai ka gan su hannu rabbana. Me za mu yi wanda ya wuce rabo?

Amsa: Baba, sannunku da ƙoƙari. Rabon ba shi da laifi, lokacinsa ne bai dace ba. A watan Disamba ko mai ƙaramin ƙarfi yana da ɗan gero a rumbu. Yunwar ƙauye tana zuwa ne a Yuli da Agusta: rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, ga gona na jiran maimai. A nan ne magidanci ke barin gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani saboda kwanon dawa, ciyawa ta cinye tasa, kaka ta zo ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wani kuma ya ci bashin buhu ɗaya da alkawarin biyu. Hatsin da ya sayar da araha aka kwashe zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau, irinsa zai dawo ya saya da tsada. Haka talaucin bana ke haifar na baɗi.

Shawarata, ku mayar da hatsin nan rumbun tsimi na ikilisiya. Kun san labarin Yusufu a Farawa 41, kashi ɗaya cikin biyar aka riƙa ajiyewa a shekarun ƙoshi. Ku rufe rumbun sai Yuli, sannan ku ba da aro, a biya da kaka. Tsofaffin da ba sa iya noma a ba su kyauta, a kuma rubuta kyauta ce, kada a ɗora musu bashin da kowa ya san ba za su iya biya ba. Idan akwai wake, ku shanya shi ya bushe ƙarau, ku zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki. In aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba.

Inda irin wannan rumbu ke mutuwa shi ne wurin makulli. Kada a bar wa Fasto, ba don rashin amana ba, sai don ba zai iya hana mai kuka ba, kuma ranar karɓar bashi ba zai iya tsare ƙofar ɗan ikilisiyarsa ba. Manzanni ma mutum bakwai suka sa aka zaɓa domin rabon abinci, a Ayyukan Manzanni sura 6. Ku sa kwado biyu, makulli ɗaya a hannun dattawa, ɗaya a hannun Zumuntar Mata, don su ne suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. A karanta lissafi a fili bayan sujada.

Matasa kuma su ware rana guda su yi wa gwauraye gayya, tun ciyawa ba ta yi ƙarfi ba.

Sai maganar maƙwabta. Yunwar Agusta ba ta tsallake gidan Musulmi, kuma yawanci dangi ɗaya ne ku da su, don haka su ma a ba su aron. Asibitin ido da mishan ta buɗe a Kano a 1943 ya samu karɓuwa ne saboda kowa ya je ana duba shi. Ku fara sanar da dagaci da mai unguwa, kada hatsin ya zama tarkon jawo kowa majami'a. Kada kuma ku sa ƙari a kan aro, domin a wurin Musulmi riba ce, wato kuɗin ruwa. Idan kuna tsoron asarar ajiya, ku sayar a kan farashin kaka da ɗan kuɗin buhu a kai. Bana ku fara da buhu biyar ko goma, ku ga nawa zai dawo.