Wahalar sana'a daban, wahalar da oga ya jawo daban

Ɗana, saƙonka ya iso tun shekaranjiya, na bar shi ya kwana biyu don kada in ba ka amsar gaggawa. Ka ce wata takwas ke nan kana wannan kamfanin tallan, kusan kullum sai dare ya raba kake tashi, aiki ɗaya sai a dawo maka da shi sau bakwai, kuma duk ranar da kwastoma ya yi faɗa ogan naku yakan juyo kanku a gaban kowa. Sannan ka tambaye ni: "Maigida, haka sana'ar take in daure, ko wurin ne ya lalace in nemi wani?"

Sana'ar tana da wahalarta ta gado, ba zan ɓoye maka ba. Ranar da aka sa za a ƙaddamar da kaya ba ta jiran kowa, kuma a shekara dole a samu 'yan makonnin da barci zai yi ƙaranci. Wanda ya kwana a ofis sau uku a shekara, sana'a ce ta kwanar da shi. Amma wanda ke kwana kowane mako, to akwai wanda ya yi alkawarin da bai lissafa ba, yana kuma biya da daren ma'aikatansa.

Bari in nuna maka ta inda kuɗi ke shigowa, don daga nan halin kamfani yake tsirowa. A da kamasho kamfanin talla yake ci, kashi 15 cikin ɗari na abin da kwastoma ya kashe wajen sayen fili a jarida ko lokaci a rediyo da talabijin. Yau galibi lokaci ake sayarwa. A ƙulla kwangila cewa duk wata za a ba kwastoma awa kaza, ko a yanke kuɗin aiki guda tare da yawan gyaran da ke cikinsa, sau biyu ko uku. To ga kwastoma ya dawo da gyara na huɗu. Manaja zai iya cewa wannan ya wuce yarjejeniya, sai an ƙara kuɗi. Zai iya cewa za a yi, amma wa'adi zai matsa gaba. Ko kuma ya ce, "Ba komai ranka ya daɗe, gobe da safe za ka gani." Ta ƙarshen ta fi sauƙi a baki, kwastoma ya tafi yana murna, manaja ya tsira da farin jininsa. Sai dai awannin da za a yi aikin ba daga sama za su faɗo ba. Daga darenka za a yanko su, babu wanda zai rubuta su a ko'ina, wata mai zuwa kuma a sake ɗauko wani kwastoman a kan lissafin ƙarya cewa akwai sarari.

Gyara bakwai ɗin nan da kake kuka da shi, ka koma ka duba mafarinsa. Kafin ka fara aikin, an ba ka takardar bayani kuwa? Wadda nake nufi shafi ɗaya ce: wa ake yi wa magana, me ake so ya yi bayan ya ga tallan, wane abu ɗaya tak za a faɗa masa, kuma a ɓangaren kwastoma wa ke da ta cewa ta ƙarshe. Kwastoma ya karanta ya sa hannu. Na ƙarshen nan shi aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi cin mutane. Mutum biyar a can kowa ya turo nasa, wannan ya ce a ƙara girman tambari, wancan ya ce shafin ya cika a rage. Manajan kirki zai tattara su, ya ɗaga waya ya ce, "Maganganunku sun saɓa, wanne za mu bi?" Sai an tsaya a kan magana ɗaya za ta iso teburinka. Ragon manaja kuwa imel ɗin zai turo maka yadda ya zo, ya ɗora "a duba" a sama, ya ɗauka ya yi aiki.

Kan batun juyowa kanku a gaban jama'a, ga abin da ya faru da ni. Ina shekara ta biyu a sana'a aka ba ni rubutun wani talla da za a kafa a manyan allunan titi. Wajen lambar waya na juya lambobi biyu, bakwai ta zauna a gurbin huɗu. Mutum huɗu suka duba bayana, babu wanda ya kama. Aka buga, aka kafa. Kwana biyu wata baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba tana amsa kiran masu neman kaya. Da labari ya iso ofis jikina ya yi sanyi, na fara tattara takarduna. Shugabarmu ta lokacin ba ta jira kwastoma ya kira ba, ita ta kira shi, ina tsaye ina ji. Ta ce kuskuren daga gare mu ne, za mu sake bugawa da kuɗinmu. Ya ce wa ya yi? Ta ce kamfaninmu ne ya yi. Ya sake tambaya, ta sake ba shi amsar nan. Da ta ajiye waya ta rufe ƙofa, ta gaya mini maganar da har yau ina jin zafinta, mu biyu kawai. Washegari ta kafa doka: duk lambar da za ta fita, sai mutum biyu sun danna ta a waya daga kan samfurin ƙarshe, sun ji an ɗauka. Har gobe ina dannawa.

Abin da ya biyo baya ya fi dokar amfani. Tun daga ranar, duk wanda ya hango kuskurensa da ƙafarsa yake zuwa ya faɗa tun ana iya gyarawa, don ya ga ba a yanka wanda ya faɗa. Babba juji ne, kuma a wannan sana'ar ma'anarsa ke nan: zafin kwastoma a kansa yake sauka, ya tace, ya miƙo maka abin da za ka gyara kawai. Inda oga ke tozarta mutum a mitin, ma'aikata ɓoyewa suke koyo, kuskuren da za a kama a kwamfuta sai ya kai titi. Kamfanin Google ma da ya bi diddigin rukunonin ma'aikatansa 180 a binciken da ya fara a 2012, abin da ya samu ya fi raba rukuni mai kyau da maras kyau shi ne mutum ya iya yin tambaya ko ya amsa kuskure ba ya tsoron a kunyata shi.

Kada kuma kowa ya ce maka yawan kwana a ofis shi ne alamar ƙwazo. Dentsu shi ne kamfanin talla mafi girma a Japan. A watan Disamba na 2015 wata ma'aikaciyarsa 'yar shekara 24, da ba ta cika shekara da fara aiki ba, ta kashe kanta. Hukumar ƙwadago ta tabbatar aiki ne sanadi, ta lissafa ƙarin aikin da ya kai kusan awa 105 a wata ɗaya. Shugaban kamfanin ya sanar da murabus a ƙarshen 2016, kotu ta ci kamfanin tarar yen dubu 500 a 2017, tun a 2016 kuma aka koma kashe fitilun ofis da ƙarfe goman dare. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ita ce ta farko ba. A 1991 wani matashi ya mutu ta wannan hanyar a kamfanin, har kotun ƙolin ƙasar ta ɗora musu alhaki a 2000. Shekara 24 tsakani, ɗabi'ar tana nan. Ban kawo wannan don in tsorata ka ba, na kawo ne don ka ɗauki barcinka da lafiyarka da muhimmanci, in kuma abin ya fara danne maka zuciya ka faɗa wa wani tun da wuri, ko ni ko na gida.

Wuraren da aiki mai kyau ya fito, in ka bincika, tsarin zama ne ya fara gyaruwa. Lokacin da Bill Bernbach da abokansa suka buɗe kamfanin tallansu mai suna DDB a birnin Niyok na Amurka a 1949, al'adar kamfanoni ita ce marubuci ya gama rubutu ya tura wa sashen zane su yi masa ado. Shi ya zaunar da marubuci da mai zane wuri ɗaya, su yi tunanin tare tun daga tushe. Daga irin wannan zaman tallan ƙaramar motar Volkswagen na 1959 ya fito, wanda har yau ake koyar da shi. David Ogilvy kuma, wani mashahurin mai kamfanin talla, yakan aika wa sabon shugaban ofis 'yar tsanar nan ta Rasha da in ka buɗe sai ka ga ƙarama a ciki, a can ƙarshe da 'yar takarda mai jan kunne kan ɗaukar waɗanda ba su kai ka ba.

Ni kaina na faɗa ramin da yake gargaɗi a kai. An ɗaga ni na zama shugaban sashe saboda na iya rubutu, babu wanda ya koya mini riƙon mutane. Sai na riƙa bin aikin yara da dare ina sakewa, da safe in kai wa kwastoma ina cewa "na yi". Wata mai zane da ta fi kowa hannu ta ajiye aiki, ranar tafiyarta ta ce mini, "Shekara biyu ban taɓa ganin aikina ya fita da kamanninsa ba." Laifin babba rowa, kuma rowar yabo da rowar dama sun fi ta kuɗi ciwo. Na yi asarar ta, ban kuma samu kamarta ba. Mai yiwuwa ogan naku irina ne na wancan lokacin, gwani a aiki, ɗan koyo a shugabanci, shi ma tsoron na samansa yake ji. Irin wannan yakan gyaru in an nuna masa. Wanda ke jin daɗin wulaƙanta mutane shi ne ba ya gyaruwa.

Don haka kada ka ajiye aiki cikin fushi. Ka samu littafi, wata guda kana rubuta lokacin shigarka da na fitarka, da kowane aiki, da gyara nawa aka yi masa da wanda ya nema. Sannan ka nemi ganin ogan shi kaɗai, ranar da babu wa'adi a kansa. Ka ajiye littafin a gabansa cikin ladabi, ka roƙi abu biyu: takardar bayani kafin a fara aiki, da a riƙa haɗa gyara wuri ɗaya. Yadda ya karɓi maganar shi zai ba ka amsar tambayarka. In ya saurara, ko da rabi ya yi, ka ƙara wata shida, akwai abin koyo. In ya ce ai kowa haka ya taso, ka fara nema a hankali kana kan aikinka.

In an kira ka intabiyu a wani wurin, kada kujeru masu launi da fentin bango su ɗauke maka hankali. Ka tambayi wanda zai zama oganka shekara nawa mutanen sashensa suka yi, da abin da ya sa wanda za ka gada ya tafi. Ka tambaye shi yaushe rabon da ya ce wa kwastoma a'a. In da hali ka bi ta gaban ofishin da ƙarfe tara na dare ranar Talata, ka ga ko fitilu na kunne.

Ka fara littafin daga Litinin. In wata ya cika ka kawo mini mu duba tare kafin ka shiga wurin ogan, ka taho da ɗaya daga cikin ayyukan da aka yi wa gyara bakwai, da duka bakwai ɗin.