Ganyen ya yi faɗi, ƙamshin ya ragu

Tambaya: Malam, ina sayar da ganyen magani a kasuwar Farin Gada, ina kuma shuka na'a-na'a da ɗoɗɗoya a bayan gida. 'Yan shekarun nan ganyen ya ƙara faɗi, amma ƙamshin ya ragu. Ɗana ya ce iskar da ke ɗumama duniya ce ta jawo. Haka ne?
Wata Hajiya daga Unguwar Rogo, Jos

Amsa: Hajiya, ɗanki bai yi nisa da gaskiya ba. Iskar da yake nufi, kabon dayoksaid, abincin tsiro ce. Ganye na shaƙarta, ya haɗa sukari da taimakon hasken rana. Kafin zamanin masana'antu, kashi 280 ce cikin miliyan na iskar duniya, yau ta haura 420. In ta yawaita, yawancin tsirrai kan ƙara girma, ko da yake gero da dawa da masara ba su cika damuwa da ita ba.

Sai dai ganyen da ya girma ta haka yakan cika da sitaci, naitirojin ɗinsa, sinadarin da ke gina furotin, ya ragu. An gwada a alkama da shinkafa, an ga furotin da zinc da sinadarin ƙarfe sun yi ƙasa. A tsirran magani kuwa abin ba tsari ɗaya ba ne: sinadaran bauri sukan ƙaru, wasu su ragu, kowane tsiro da halinsa. Zafi shi ma yana da nasa. Ƙamshin na'a-na'a mai ne da ke cikin ganyen, kuma zafi na sa shi tashi. Tudun Jos ya kai kusan mita 1,200, sanyinsa ne ya sa na'a-na'a ke jin daɗinsa, don haka ɗumamar garin nan tana damuna ƙwarai.

Amma ni ba zan ɗora wa iskar laifin duka ba. Abin da take ƙaruwa a shekara kusan kashi 2 zuwa 3 ne kawai cikin miliyan, da wuya hanci ya gane wannan cikin 'yan shekaru. Ki fara duba kusa: takin zamani ya yi yawa? Inuwar katanga ta rufe shukar? Kina yawan ban ruwa? Duk suna kawo ganye mai faɗi marar ƙarfi. Ki riƙa tsinka da safe bayan raɓa ta bushe, ki shanya a inuwa.

Ina roƙonki abu guda. Kada ki ce wa masu saye su ninka awo don ƙamshi ya ragu, musamman masu juna biyu da yara. Hanci ba ya auna ƙarfin magani. Aikin ɗakin gwaji ne, irin na cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja.