Tambaya da Amsa: Cizo da tauna a Littafi Mai Tsarki

Tambaya: Na ji wani mai wa'azi yana cewa kalmar "ci" ta Yahaya 6, inda Yesu ya ce a ci namansa, ainihin ma'anarta "tauna" ce, wai fassararmu ce ta ɓoye haka. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Kafancan.

Amsa: Ɗan'uwa, rabin maganar gaskiya ce. Kalmomi biyu Yahaya ya kawo da Helenanci. A aya ta 53 ya ce fago, wato cin abinci na yau da kullum. Daga aya ta 54 sai ya sauya zuwa trogo, ya maimaita ta a 56, 57 da 58. A tsohon Helenanci trogo ita ce gwaguya, irin ta dabba da ciyawa, ko mutum da ɗanyen abu mai ƙaras-ƙaras a baki. Hausa kuwa "ci" ɗaya gare ta, da ita ake cin tuwo, da ita ake cin kasuwa da amana, shi ya sa sauyin bai fito ba.

Amma kafin a hau mimbari da wannan, a ƙirga. Sau 6 kacal trogo ta zo a Sabon Alkawari: huɗun nan, sai Yahaya 13:18 da Matiyu 24:38. A Matiyu mutanen zamanin Nuhu ne suke ci suna sha suna aure, kuma da Luka ya kawo wannan maganar a 17:27, kalmar cin abinci ta kullum ya sa. Yahaya 13:18 kuma daga Zabura 41:9 aka ɗauko ta, kan wanda ke cin gurasa tare da kai ya juya maka baya. Ba wanda zai ce gwaguyar gurasa ake nufi. Ga kuma batun nahawu: fago ba ta da sigar aikin da ake cikin yi, dole marubuci ya aro wata kalma in zai ce "mai ci", Yahaya kuwa trogo yake arowa. Har yau Girkawa da jikar wannan kalmar suke cewa "ina cin abinci".

Malaman Katolika da yawa suna ganin da gangan Yahaya ya zaɓi kalma mai kaushi, don a san Jibin Ubangiji ci ne na zahiri. Na Furotesta sukan nuna aya ta 35 da ta 63, su ce gaskatawa ake nufi. A ganinmu kalmar ita kaɗai ba za ta raba wannan gardama ba. Surar gaba ɗaya ce abin dubawa. Mai son bincike ya nemi lamba 5176 a jerin kalmomin Helenanci na Strong, wato littafin da ya ba kalmomin Littafi Mai Tsarki lambobi, ya karanta wuraren shidan a jere.

Tambaya: Me ya haɗa kuɗin ruwa da cizo? Daga wata mai karatu a Zonkwa.

Amsa: 'Yar'uwa, tushensu ɗaya ne a Ibrananci. Nashak cizo ne, neshek kuma ruwan bashi. Da nashak aka faɗi abin da macizai suka yi wa Isra'ilawa a Littafin Ƙidaya 21:6, neshek kuma aka hana karɓa daga matalauci a Fitowa 22:25, da daga ɗan'uwa a Maimaitawar Shari'a 23:19. Mu da muke cewa maciji ya sari mutum ba ma jin alaƙar, alhali a Hausa sunan maciji kansa daga cizo ya fito.

Littafin Firistoci 25:36 ya haɗa neshek da wata kalma, tarbit, wato ƙari. Waɗansu masana suna bayyana bambancin haka: ka rubuta bashin 100 a miƙa maka 90, an gatsi 10 tun farko, wannan neshek ne, a ba ka 100 ka mayar da 110, wannan tarbit. Habakuk 2:7 ya yi wasa da ma'anonin biyu, domin "masu cizonka" da za su taso wa azzalumi farat ɗaya, ana kuma fassara su da masu binka bashi.

Tambaya: "Kuka da cizon haƙora" nadama ce?

Amsa: Kunnen Bahaushe yakan kai shi ga cizon yatsa, nan ake kuskure. Furucin ya zo sau 6 a Matiyu, sau 1 a Luka 13:28. A Zabura 35:16 da 37:12 maƙiyi ne ke cizon haƙora a kan adali, a Ayyukan Manzanni 7:54 kuma 'yan majalisa ne suka yi wa Istifanas haka kafin su jajjefe shi. Fushi ne da ƙiyayya, gauraye da azaba. Mafi kusa da ayoyin Matiyu ita ce Zabura 112:10, inda mugu ya ga alherin da adali ya samu, ya ciji haƙora, ya lalace.