Abin da ke riƙe fata da ƙaho kafin su isa hannun maharbi

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce Baturen nan da ya yi farauta a yankin Faro, a arewacin Kamaru, cikin watan Fabrairu ya dame ka da saƙo, kullum yana son jin ranar da kayansa za su isa gida, alhali fatun sun daɗe da bushewa a ɗakin ajiya, ƙahonin ma an gyara su. Kana son sanin abin da ke riƙe su da amsar da za ka ba shi. To, saurara da kyau, domin a wannan sana'a tamu ta gyara fatu da ƙahonin farauta da aika su ƙasashen waje ba a raba aikin hannu da aikin takarda.

Aikin hannu shi ne mai ɗan gajeren lokaci, amma shi ne wanda ba ya gyaruwa in ya ɓaci. Ranar da aka harbi gwanki ko ɓauna, ranar ake feɗe shi, kafin zafi ya taɓa fatar. A kankare nama da kitse tas, a juya kunnuwa da leɓe da fatar ido, a zuba gishiri mai laushi ya shiga kowane lungu, washegari a kakkaɓe jiƙaƙƙen a zuba sabo, sannan a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Da hunturu fatar gada ko ta mazo ba ta daɗewa kafin ta bushe. Ta ɓauna kuwa mai kauri ce, tana neman makonni. Wanda ya naɗe fata da sauran danshi a wuya ko a gindin kunne ba zai ga ɓarnar a lokacin ba. Sai ta je hannun majemi a wata ƙasa, ya jiƙa ta, gashin ya riƙa zubewa, kuma babu mai iya mayar da shi. Ƙoƙon kai shi ma a dafa shi a hankali, a zare ƙahon daga ƙashin da ke cikinsa, a wanke, a sa maganin ƙwari. In wuta ta yi yawa ƙashin hanci ya farfashe, haƙora su zube. A nan ne sauri ke haifar nawa.

Bayan wannan sai zaman jira na farko, wanda maharba da yawa ba su san da shi ba. Sansanonin farautar da ke kewaye da gandun dajin Faro da Benuwai da Buba Njida ba sa aiko da kayan mutum ɗaya shi kaɗai. Tara su ake yi har baƙi su ƙare, zafin bazara ya tsananta, a rufe sansani kafin ruwa ya sauka ya ɓata hanya, sannan a loda duka a kawo Garwa. Ka ga mutuminka na Fabrairu ya riga ya ci wata biyu ko uku kafin a buɗe masa fayil ma.

Takardun kuma bi da bi suke tafiya, wata ba ta fita sai da wata. Sai mai sansani ya biya kuɗin harbi na kowace dabba, jami'an Ma'aikatar Gandun Daji da Namun Dawa su duba su ga abin da ke cikin lasisin maharbi ya yi daidai da abin da ke ƙasa, sannan su ba da takardar shaidar asalin kayan. Likitan dabbobi na gwamnati ya ba da tasa, cewa an busar da kayan an sa musu magani. Izinin fitarwa kuwa daga Yawunde yake fitowa. Kuskuren harafi ɗaya a sunan maharbi, ko a rubuta kanki a inda lambar da ke jikin ƙaho ta ce gwambaza, ya isa ya mayar da fayil baya. Shi ya sa nake matsa maka a kan lamba. Kowace fata, kowane ƙoƙon kai, kowane ƙaho na dama da na hagu, a ɗaura masa lambar da ruwa ba ya gogewa, da sunan mai shi kamar yadda yake a fasfo.

Inda aka fi asarar lokaci shi ne dabbobin da ke ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa mai sa ido a kan cinikin namun dawan da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka sa wa hannu a birnin Washington a 1973. Gwanki da ɓauna da babbar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa ke zuwa Kamaru dominta, eland na Derby, ba sa cikin jerin. Dorina da zaki da gwaggon biri suna ciki. Giwar Kamaru da damisa suna rukuni na ɗaya, mafi tsanani, kuma a wannan rukuni ba a ba da izinin fitarwa sai ƙasar da za a kai kayan ta fara ba da izinin shigarwa. Ga abin da nake so ka riƙe da hannu biyu: izinin fitarwa na CITES wata shida yake yi ya mutu. In ka yi rawar jiki ka karɓo shi alhali can ɓangaren ba su shirya ba, ko ba ka sami jirgin da zai ɗauka ba, takardar za ta mutu a aljihunka, ka koma Yawunde ka sake sabon layi. Kayan da suka sauka da matacciyar takarda kuwa ƙwace su ake yi. Saboda haka takardar da ta fi saurin mutuwa ita ake nema a ƙarshe, bayan komai ya kammala.

Kuma kowace ƙasa da nata sharaɗi. Tun 2015 Tarayyar Turai ke neman izinin shigarwa a kan zaki da giwa da dorina da wasu dabbobi kaɗan. Faransa da Ostareliya sun daina karɓar kayan zaki a wannan shekarar. Amurka ta sa zaki cikin dokarta ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa a farkon 2016, kuma kayan farauta ba sa shiga can sai ta filayen jirgi da tashoshin da hukumarsu ta namun dawa ta ware. Ɗanyar fatar gadu da ta dabbobi masu kofato, ma'aikatar gonarsu tana iya tura ta wata majema da ta amince da ita don a sake kashe cuta kafin a miƙa wa mai ita. Biri kuma hukumar lafiyarsu ce ke sa masa ido. Don haka ni ba na haɗa gadu ko biri a ƙunshi ɗaya da sauran kaya. Kowanne nakan naɗe shi daban, in rubuta a jiki, don kada abu ɗaya ya riƙe akwati guda.

Jirgi ma ba kamar da ba ne. Bayan da wani maharbi ɗan Amurka ya kashe zakin nan Cecil a Zimbabwe a watan Yulin 2015, kamfanonin Delta da United da American sun sanar da daina ɗaukar kayan zaki da giwa da damisa da karkanda da ɓauna, wasu kamfanoni ma suka bi sahu. Ka lura har da ɓauna, wadda ita ce rabin aikinmu. Dole ejan ɗinmu na Duwala ya nemi kamfanin da zai karɓa tun daga tashi har sauka, ba a yi canjin jirgi a ƙasar da za ta tsare kayan ba. Tafiyar sama ita kanta kwana biyu ce ko uku. Jirgin ruwa ya fi arha, amma ni ba na son sa ga ɗanyar fata. Duwala gari ne mai danshi, fatar da ta bushe ƙarau a Garwa tana iya yin fumfuna in ta daɗe a rufe cikin kwantena. Dalilin ke nan da ba na sauke kaya kudu sai takardu sun kusa cika. Gara su jira a nan, a kan katako, nesa da ƙasa, ana duba ƙwaro duk mako. Akwati kuma na filawud za ka sa a yi, domin ɗanyen katako yana buƙatar nasa hatimin magani kafin a bar shi ya shiga ƙasashen waje.

Amsar da za ka ba shi kuwa, kada ka kuskura ka yanke masa rana. Ka ce masa a yadda muka saba gani, kayan da babu CITES a ciki sukan isa tsakanin wata shida zuwa shekara daga ranar da ya bar daji, masu CITES kuma sukan wuce haka. Ka tuna masa cewa isarsu ba ita ce ƙarshe ba, domin majemi da mai ɗora fata a kan siffar dabba a can ƙasarsu su ma suna da layi, sau da yawa na kusan wata shekarar. Mutum yakan haƙura in an gaya masa gaskiya tun farko, abin da ke fusata shi shi ne shiru da alƙawarin da ba a cika ba. Duk takardar da ta fito ka ɗauki hotonta ka tura masa.

Yau ɗin nan ka rubuta masa ya turo sunan ejan ɗin da zai fitar masa da kaya a kwastan na ƙasarsu, da adireshin majemar da za a kai su, da hoton izinin shigarwa na haƙoran dorinar da ya harba. Sai waɗannan sun zo hannu za mu aika Yawunde neman CITES.