Filin Tambayoyinku: Wane littafin hotuna ne zai sa yaro ya tashi ya yi wasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. 'Yata tana da shekara uku da rabi. Na saya mata littattafan hotuna da dama, na haruffa da na lambobi da na launuka, amma da ta buɗa sau ɗaya sai ta yar. Kuma ba ta iya zama ta ƙago wasa da kanta, kullum sai dai a ba ta waya. Wane irin littafi ya kamata in nema mata? Daga wata uwa mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya mana ita. Littattafan da kika lissafa ba su da laifi, sai dai aikinsu daban. Shafin da aka zana jar ƙwallo aka rubuta "ja" a ƙasa ya gama maganarsa. Yarinya ta gani, ta faɗa, shi ke nan. Babu wanda ya yi wani abu a ciki, balle ta tashi ta kwaikwaya.

Ki nemi littafin da wani yake yin wani aiki da jikinsa: yana tuƙi, yana haƙa rami, yana duba marar lafiya, yana neman abin da ya ɓace masa. Kuma aikin ya zama wanda za ta iya samun madadin kayansa a cikin ɗaki. Yara sukan fara wasan kwaikwayon rayuwa tun suna wajen shekara ɗaya da rabi, kamar su kara wani abu a kunne su ce "halo". Tsakanin shekara uku zuwa biyar kuwa abin yake bunƙasa, har su raba wa juna matsayi, wannan likita, wancan marar lafiya. Masanin halayyar yara ɗan ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, a wata lacca da ya gabatar a 1933, ya ba da misalin yaron da ya hau sanda ya ce doki ne. A ganinsa wannan babban mataki ne, domin yaron ya fara barin abu ya tsaya a madadin wani abu. Irin wannan tunanin ne zai buƙata ranar da zai fara koyon haruffa, a ce masa wannan zanen a takarda sauti ne.

Lokacin da nake koyarwa a ajin naziri, muna da wani tsohon littafi da bangonsa ya tsage, labarin direban bas da ke ɗaukar dabbobi. A kowace tasha magana ɗaya yake yi: "Akwai wuri, shigo!" Wata safiya na tarar yara sun jera kujeru ɗaya bayan ɗaya, wani ya riƙe murfin bokiti yana murzawa a matsayin sitiyari, wata tana yayyaga takarda tana raba tikiti. Sai wata yarinya ta tsaya a gefe ta ƙi shiga. Ta ce ita raƙumin dawa ce, wuyanta ba zai shiga ba. Direba ya tsai da mota, ya sauko, ya yi kamar yana yanke rufin da hannu, har da ƙarar zarto a bakinsa, sannan ta hau tana miƙe wuya. Duk wannan babu shi a littafin. Littafin ya ba su motar da jimla ɗaya, su kuma suka ƙarasa.

To ki lura da wannan jimlar da ake maimaitawa, ita ce yaro yake ɗauka ya fita da ita. Ki lura da zanen ma. Ni na fi son wanda ya faɗi abin da rubutu bai faɗa ba, kamar ɗan ɓeran da ke leƙe daga bayan kujera a kowane shafi alhali labarin bai ambace shi ba. Akwai ma littattafan da ba su da rubutu ko kaɗan, kada ki raina su, a nan yarinya ce za ta ba ki labarin. Galibin littattafan hotuna shafi 32 ne, kina iya karance shi a tsaye kafin ki saya.

Waɗanda nake kaucewa: masu maɓallin da ake dannawa su yi kuka, domin sun yi wa yaro kukan zakin da ya kamata ya fito daga bakinsa. Sai masu wa'azi tun daga shafin farko. Na 'yan katun ɗin talabijin kuma ba na hanawa, amma na lura yara sukan maimaita abin da suka gani a allo ne kawai.

Yadda kike karantawa ma yana da tasiri. A 1988 Grover Whitehurst da abokan aikinsa a Amurka sun koya wa iyayen yara 'yan wajen shekara biyu su riƙa yin tambaya yayin karatu maimakon karantawa kawai, kuma yaran sun fi takwarorinsu iya furta magana. Ki tsaya a tsakiya ki ce, "Ina kike ganin zai je?" Duk abin da ta ce, ki bi ta. In kun rufe littafin, ki bar zani da kwali da 'yan kujeru a kusa, ki ja bakinki ki yi shiru. Batun waya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu ya wuce awa ɗaya a rana yana zaune gaban allo. Za ta yi rigima a kwanakin farko, ki daure.

TAMBAYA: Anti, ɗana ɗan shekara huɗu littafi ɗaya yake so, na wani zaki. Kullum shi, har na haddace. Yanzu yini yake yana rarrafe yana ruri, wani lokaci in an kira sunansa sai ya ce shi zaki ne. Akwai matsala? Daga wani uba.

AMSA: Malam, babu matsala, littafin ya yi aikinsa. Yara suna son maimaici, kuma sai labari ya zauna musu sosai suke iya wasa da shi. Ka ci gaba da karanta masa, amma ka riƙa tambayar zakin inda yake kwana da wanda yake tsoro, ka ga ko zai ƙara wani abu nasa. Doka ɗaya za ka kafa: zakin gidan nan ba ya cizo, ba ya yakushi. In kana son shigo da sabon littafi, ka fara da wanda akwai zaki a ciki ko da a shafi ɗaya ne.