Shin hawayena suna ƙona ɗana a kabari?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Yarona ɗan shekara biyu ya rasu, da yamma yana wasa, da dare zazzabi ya rufe shi sai jijjiga, kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Yau wata biyu na kasa daina kuka, kwalliya da turare duk na ajiye saboda shi. Surukata ta ce hawayena ruwan zafi ne ake zuba masa a kabari. Da gaske ne malam?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ki dangana 'yar uwa.

Hawaye halal ne, malamai ba su yi saɓani ba, Annabi (SAW) ma ya zubar ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka haramta shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da maganar ƙin ƙaddara.

Maganar ruwan zafi kuwa ba ta da asali. Abin da ake jingina ta da shi shi ne hadisin Umar da ɗansa Abdullahi, cewa ana yi wa mamaci azaba saboda kukan iyalansa, hadisin ya inganta amma ba a nan ake ajiye shi ba. Nana A'isha da ta ji sai ta karanta ayar da ta ce babu mai ɗaukar nauyin laifin wani. Mafi yawan malamai sun ce ana nufin wanda ya bar wasiyya a yi masa kururuwa kamar yadda Larabawan jahiliyya ke yi, Imam Bukhari ya ce idan kururuwar al'adarsa ce tun yana raye. To ɗan shekara biyu wace wasiyya ya bari, wace al'ada gare shi? Alƙalami bai hau kansa ba. Ko masu cewa mamaci yana jin ciwon abin a ransa irin su Ibn Taimiyya, a kan kururuwa suke magana, ba hawayen tausayi ba. Da jikan Annabi yake gargarar mutuwa a hannunsa, Annabi ya yi hawaye, Sa'ad bin Ubada ya ce mene ne wannan, ya ce rahama ce. Surukarki lallashi take nufi, kar ki riƙe ta, amma masu faɗin wannan su ji tsoron Allah, ƙara wa uwa ciwo suke yi.

Inda na tsaya a tambayarki shi ne kin ce "saboda shi" kika ajiye kwalliya. In da niyyar makoki ne to kwana 3 aka yarje wa mace, miji kaɗai ake wa takaba wata 4 da kwana 10. Ummu Habiba matar Annabi da mahaifinta Abu Sufyan ya rasu, a rana ta 3 ta sa aka kawo turare ta shafa ta ce wallahi ba buƙatarsa take ba. Ki yi hakan yau ko ba kya so. In kuwa kasala ce kawai jiki ya mutu, babu laifi a kanki.

Kuma ki kiyayi "da na kai shi da wuri", ƙofar Shaiɗan ce, kar kuma wani ya ja ki wajen boka a ce maita ce a ɓata ki da maƙwabta. Maigidanki shi ma ɗansa ne, shirunsa ba rashin damuwa ba ne, ku riƙa zama kuna magana. In barci da abinci sun gagara ko kina jin gara ki bi shi, ki faɗa wa wani yau a kai ki ganin likita, wannan bai taɓa tawakkalinki ba. Wallahu a'alam.