Amsa ga almajirina a kan bangon jan bulo da ya ƙi yin kama da gaskiya

Ɗana, na karanta saƙonka, kuma na buɗe hoton da ka haɗo da shi. Ka ce ka samo hoton shimfiɗa na jan bulo marar gaɓa, irin wanda idan aka jera shi gefe da gefe ba a ganin mahaɗarsa, ka lulluɓe bangon gidan da shi a Blender, manhajar zana abubuwa masu siffar 3D a kwamfuta, amma da renda, wato hoton ƙarshe da kwamfuta ke fitarwa, ta fito sai bangon ya zama kamar an liƙa masa atamfa. Tambayarka ita ce ko hoton ne ba shi da kyau, ko kuwa injin renda ya kamata ka sauya. Hoton lafiyarsa lau, injin ma haka. Rashin gaɓa sharaɗi ɗaya ne kawai, abin da yake nufi shi ne gefen dama ya dace da na hagu, sama ta dace da ƙasa. Sauran aikin na birkila ne, kuma shi ne ka tsallake.

Ka fara da awo, domin nan ne laifin bangonka ya fi girma. Bulon da aka saba amfani da shi a Ingila, wanda yawancin irin waɗannan hotuna ke bin tsarinsa, tsawonsa milimita 215 ne, tsayinsa 65, kaurinsa 102.5, sannan kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo milimita 10 ne. Saboda haka kowane bulo da kwaɓinsa yana cin milimita 225 a kwance da 75 a tsaye, sahu huɗu su ba ka milimita 300, bango mai tsayin mita 3 ya ɗauki sahu 40, ƙofa mai mita 2.1 kuma ta yi daidai da sahu 28. Na ƙirga sahun da ke gefen ƙofarka, ban kai 15 ba, wato bulonka ya kusa ninka girmansa na gaskiya, ya fara karkata zuwa bulon siminti na milimita 450 da 225 da ake gini da shi a Nijeriya. Ido yana gane wannan tun kafin mai idon ya san abin da ya dame shi. Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami a farkon aikina, ranar da wani tsohon birkila da mai gidan da nake yi wa aiki ya zo da shi ya ɗora yatsa a kan hoton da na buga, ya ƙirga sahun gefen taga, ya tambaye ni a wace masana'anta ake gasa bulo mai wannan girma. Ban sami amsa ba, kuma tun daga ranar ba na shimfiɗa hoto sai na ƙirga.

Hanyar ba ta da wuya. Ka ƙirga bulo nawa ne a faɗin hoton, sahu nawa ne a tsayinsa, ka ninka da 225 da 75. Idan hoton yana da bulo 8 a kwance da sahu 24 a tsaye, to mita 1.8 yake rufewa ta kowane gefe, kuma da wannan adadi za ka daidaita shimfiɗarsa a kan bangon. Ka tabbata ba ka ja shi ta gefe ɗaya fiye da ɗayan ba, domin bulon da aka miƙe ya fi wanda aka girmama muni.

Abu na biyu shi ne maimaici, wanda ya haifar da kamannin atamfa da ka gani. A hoton naka akwai bulo ɗaya mai duhu a kusa da tsakiya, kuma tun da bangon ya kai mita 18, wannan bulo ya fito sau 10 a jere, a tazara ɗaya, kamar sojoji a fareti. Hoto yana iya zama marar gaɓa ƙwarai amma ya tona asirin kansa ta wannan hanya, shi ya sa nake gwada kowane hoto ta hanyar jera shi sau biyar a kwance da sau biyar a tsaye, in ja baya in kalle shi da ƙanƙantattun idanu. Duk abin da ya tsaya mini a ido, ko tabo ne ko tsaga ko bulo mai launi na daban, sai in goge shi daga hoton, in mayar da shi daga baya da hannuna a wuri ɗaya ko biyu kawai. Bayan haka ka ɗora wani siriri na haske da duhu a saman launin, irin wanda kwamfuta ke ƙirƙira da kanta, mai faɗin da ya zarce hoton sau da yawa, domin wani sashe na bangon ya ɗan fi wani duhu ba tare da tsari ba. Wanda ya ƙware yakan haɗa hotuna biyu na bulo iri ɗaya, ya bar wannan siririn ya zaɓi inda kowanne zai bayyana. Kada ka juya hoton ta kusurwa dabam-dabam don ɓoye maimaici kamar yadda ake yi wa hoton yashi ko ciyawa, domin sahun bulo yana da alƙibla.

Sai batun da ya sa bangon ya kwanta sumul kamar takarda. Ka haɗa hoton launi kaɗai, ka bar sauran a cikin jakar da ka sauke. Hoton launi ba ya faɗa wa injin komai game da yadda haske zai bugi bulo. Hoton kaushi ne ke nuna inda haske zai watse da inda zai ɗan yi ƙyalli, kuma gasasshen bulo abu ne mai kaushi sosai, ba ƙarfe ba ne, don haka ma'aunin ƙarfe da ke cikin Blender ya tsaya a sifili. Shuɗin hoton nan da ake kira nomal yana yaudarar haske ya ga tudu da kwari inda babu su, dabarar da ta samo asali daga aikin James Blinn na shekarar 1978. Hoton tsayi kuwa, fari da baƙi, yana ture fuskar bangon da gaske, saboda haka yana buƙatar a tsattsaga bangon zuwa ƙananan fuskoki masu yawa, kuma yana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Shawarata ita ce ka bar shi ga bangon da ke kusa da kyamara da kuma gefunan da ake ganin inuwarsu, na nesa kuma nomal ya ishe su. Zurfin kwaɓi milimita kaɗan ne, idan ka zarce sai bango ya zama kamar burodin da ya kumbura.

Akwai tarko biyu a nan. Hoton launi kaɗai ake karantawa a matsayin sRGB, wato tsarin launin da allon kwamfuta ke nunawa, amma na kaushi da nomal da na tsayi lissafi ne ba launi ba, dole ka sauya su zuwa zaɓin Non-Color, wato "ba launi ba", in ba haka ba injin zai murɗe adadinsu. Sannan hoton nomal iri biyu ne, na OpenGL wanda Blender ke amfani da shi, da na DirectX wanda Unreal Engine, manhajar ƙera wasannin kwamfuta, ke amfani da shi, bambancinsu kuwa a juyewar koren launi ne kawai. Idan ka ga kwaɓi ya taso bulo ya lotsa alhali rana tana sama, to ka ɗauki wanda ba naka ba. Shafukan intanet na Poly Haven da ambientCG suna ba da nau'ukan biyu kyauta a ƙarƙashin lasisin CC0, wanda ya yarje wa kowa amfani da su ba tare da neman izini ba, ka duba sunan fayil kafin ka haɗa.

Yanzu ka dubi kusurwar gidanka. A gini na gaskiya bulon da ya nuna dogon gefensa a wannan bango, kansa ne zai bayyana a ɗaya bangon, kuma layukan kwaɓi suna zagaye kwana ba tare da sun goce ba. A naka sahun ya yi tsalle a kwanar, wani bulo ma an yanke shi siriri kamar yankan albasa, abin da babu birkilan da zai yarda ya yi. Ka gyara shimfiɗar yadda bangayen biyu za su fara daga ƙasa ɗaya, kuma kwanar ta faɗa a kan cikakken bulo ko rabinsa. Ka kuma lura da irin ɗaurin. Akwai wanda duk dogon gefe ne, kowane sahu ya goce da rabin bulo, kuma hotonsa ba ya haɗuwa sai adadin sahunsa ya rabu biyu daidai. Akwai ɗaurin Ingila, sahu ɗaya dogon gefe, na bisansa kawuna zalla. Akwai ɗaurin Filemish, inda dogo da kai ke bin juna a sahu ɗaya. A saman taga da ƙofa kuma ana buƙatar linta ko sahun bulo a tsaye, domin bulo ba ya rataye a iska.

Da ka tambaya ko za ka iya ɗaukar naka hoton, na ce ƙwarai, kuma shi ya fi, musamman idan mai gida yana son bulon da ake gasawa a garinsa, wanda launinsa ya bambanta da na Turai. Ka tsaya daidai gaban bangon, ka ɗauka a ranar da rana ba ta jefa inuwa mai kaifi, safiyar hazon hunturu ta dace da wannan, domin inuwar da ta maƙale a hoton launi za ta yi faɗa da ranar da ka kafa a cikin renda. Daga nan ka miƙar da layukan, ka yanke hoton a tsakiyar kwaɓi ta sama da ƙasa, gefen dama da na hagu kuma a wuri iri ɗaya na tsarin ɗaurin, ka gusar da shi da rabin faɗi da rabin tsayi a manhajar gyaran hoto kamar GIMP ko Photoshop domin mahaɗar ta dawo tsakiya, ka gyara ta a hankali ba tare da ka dusashe ƙwayar bulon ba.

Datti shi ne na ƙarshe, kuma a wurinsa ake sa shi: feshin laka a sahun ƙasa inda ruwan indararo ke zuba, zirin duhu a ƙarƙashin taga, farin gishirin da danshi ke fitarwa a wasu wurare. Ka gyara awo da kusurwa tukuna, ka turo mini renda biyu, ɗaya daga nisan mita 20, ɗaya daga mita 1, da rana mai gicciye a kan bangon domin in ga zurfin kwaɓin.